Wayar da Inna Kaɗai Ke Kira

Yayana ya rasu a shekarar da aka canza takardun kuɗi, shekarar da mutane suka yi ta cincirindo a bakin bankunan Katsina tun daga hantsi har rana ta yi sanyi, mai shi da marar shi duk hannu wayam. Wanda ya ga wannan shekara ba ya buƙatar a faɗa mashi lambarta. A cikinta ne waya ta zama aljihu. Mahauci ya koyi tiransifa, mai kayan miya a bakin Ƙofar Marusa ba ya miƙo maka tumatur sai ya ji ƙarar alat. A cikinta ne kuma wayoyin yayana suka cika huɗu. Allah bai nufe shi da ganin ƙarshen daminarta ba.

Ɗan kasuwa ne, yadi da shadda yake sayarwa, kuma mutum ne da ba ya son wani abu ya shiga cikin wani. Ko a shagonsa farin yadi ba ya kwana kusa da mai launi. Haka ya yi wa wayoyinsa, kowace da aikinta, kuma ba ta tsallaka zuwa na 'yar'uwarta.

Ni na rubuta masu suna. Hannuna ya fi nashi kyau a ajami, don na daɗe a gaban malam, shi kuwa kasuwa ta ɗauke shi da wuri. Wata Juma'a bayan an sauko ya same ni a zauren gidanmu na Gobarau, ya zube su a kan buzuna, ya fito da farin filasta irin na ɗaure ciwo ya yayyanka.

Na ce, “Yaya, kunnenka biyu ne fa kamar na kowa. Waya huɗu ta mece ce?”

Ya ce, “Malam,” haka yake kirana in yana son tsokana, “kai a ɗakin da kake salla nan kake ɗaure awaki? Tsoma alƙalaminka ka rubuta mani, ba wa'azi na zo ji ba.”

Na tsoma na rubuta, ya bi kowane da salatif don kada gumi ya wanke tawadar.

Ta farko ita ce babbar nan mai faɗi da ake kira tabilet, shi kuwa allo yake ce mata, haka kuma na rubuta. Ba layi a cikinta, ba hoto, ba saƙo. Alƙur'ani ne da azkar da manhajar kiran salla. Ya ce ya taɓa buɗe sura a wayar kasuwa, yana tsakiyar aya sai ga hoton leshi ya faɗo a kai, wata Hajiya na neman ragi. Tun daga ranar ya raba su. A tsohuwar gafakar mahaifinmu yake ajiye ta, ba ya taɓa ta sai da alwala, ba a kuma ɗora komai a kanta. Na ce mashi malamai sun yi sassauci a wannan. Ya ce ya ji, sassaucin ya bar wa masu buƙata.

Ta biyu na rubuta mata “kasuwa”. Manhajojin banki ne a ciki da hotunan kaya, ana kiran magariba yake kashe ta. Ta uku “jama'a”, ta dangi da 'yan unguwa da labaran duniya, inda ake tura sanarwar biki da ta rasuwa. A kan firji take wuni, sai ya ci abinci yake leƙa ta.

Ta huɗun 'yar ƙarama ce mai maɓallai, baƙa, ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Ba ta hoto, ba ta komai sai kira da tocila. Lamba ɗaya ce tak a cikinta, mutum ɗaya ne kuma a duniya ya san lambarta. A aljihun ƙirji yake sa ta, ba ta mutuwa, ba ta rasa caji. Da na zo kanta na ɗaga alƙalami ina jira.

Ya ce, “Rubuta Inna.”

Sai na faɗi yadda suke da Inna, don wanda bai san wannan ba ba zai gane sauran ba. Yayana ɗan fari ne. Inna kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta tarar ana riƙe ta. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. In za ta ambace shi sai ta ce “yayanku”, da ya yi gida kuma ya koma “na Ƙofar Marusa”. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, wani suna ta laƙaba mashi. In ya zo gaishe ta yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuwa ta kau da kai wajen bango.

“Inna, ina kwana?”

“Lahiya.”

“An tashi lahiya? Ya ƙafar?”

“Da sauƙi. A gaida gida.”

Shi ke nan. Ni da nake auta nakan zauna a gefen gadonta in ci ɗumamenta, mu yi ta musu a kan gishiri. Shi kuwa, mutum mai furfura da jikoki, abin da yake samu ke nan.

Sai waya ta zo. Ya saya mata 'yar ƙarama, ya ɗiga jan fenti a kan maɓalli ɗaya, ya ce wa matata ta nuna mata: in ta danna nan ta riƙe, shi za ta samu. Ta yi watanni ba ta taɓa ba. Ran nan da hantsi ta danna. Ya ba ni labari daga baya, yana dariya idonsa na kawo ruwa, ya ce ya ɗauka wani abu ne ya faru, ashe hira ce. Ta tambaye shi ko ya karya. Ta ce ta ga ya rame. Ta ba shi labarin ranar da aka haife shi, da ruwan da aka yi, da yadda katangar baya ta faɗi. Abin da ba ta iya faɗa in yana durƙushe a gabanta, ta iya faɗa in ba ta ganin fuskarsa. Washegari ya zo gaisuwa, ta kau da kai wajen bango kamar kullum.

A lokacin waya ɗaya gare shi. Wata rana ta kira ta tarar yana kan layi da wani mai ciniki, ta ji ƙarar nan ta layi a cike. Daga nan ta yi kusan wata ba ta sake dannawa ba. Ranar da ya gane dalili ya sayi baƙar ƙaramar, aka juya jan maɓallin ya koma can. Asalin rabon wayoyinsa ke nan. Sauran duk daga baya suka biyo.

Akwai wasan da suke yi, shi ya faɗa mani. In hira ta yi daɗi sai ya ce, “Inna, ina bin ki bashi fa. Kowa ya ji sunansa a bakin uwarsa ban da ni. Sau ɗaya dai.”

Sai ta ce, “Kai, rabu da ni da shiririta. Ka ci gaba da bi.”

Ya ce mani, “Malam, za ta biya. Ni ɗan kasuwa ne, na san mai biya.”

Ranar wata Talata ya faɗi a shago bayan azahar. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, kafin magariba mun dawo daga maƙabarta. Ni na shiga na faɗa wa Inna. Ta yi salati, ta ce, “Allah Ya jiƙan musulmi.” Har aka share makoki ba wanda ya ga hawayenta. Mata suna ta cewa tsohuwar nan akwai tawakkali.

Bayan addu'ar uku matarsa ta aiko mani da wayoyinsa a jakar fata, ta ce in riƙe har ta fita takaba a raba gado, don ita ba ta iya jin su. Na buɗe, ga su nan su huɗu da cajojinsu a naɗe, ga rubutun hannuna a bayan kowace. Na kai su ɗakina na jera a kan akwati, allon a sama.

Ban san cewa wayoyin mamaci ba sa mutuwa tare da shi ba sai a wannan mako. La'asar ta yi, ina zaune, sai kiran salla ya tashi daga cikin gafakar mahaifinmu, a ɗakin da ba kowa sai ni. Na san manhaja ce, na san shi ya saita ta, amma sai da tsikar jikina ta tashi. Da na yi alwala na buɗe, ga alamar da ya sa inda ya tsaya da karatu, a tsakiyar shafi. Na kunna ta kasuwa saboda masu hulɗa, ta yi ta ruri. “Alhaji, shaddar nan ta iso?” In ce Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, sai a yi shiru, sai salati. Ta jama'a kuwa ta fi ban tsoro, don a cikinta na tarar da sanarwar rasuwarsa da hotonsa, mutane na ta turo addu'a, duk tana shigowa wayar mai rasuwar. Waɗannan duk na iya da su. Na amsa na amsawa, na kashe na kashewa, a hankali suka yi shiru.

Ƙaramar ce ban iya da ita ba. Washegarin ranar da aka kawo su, da hantsi, na ji wata ƙara siririya da ban saba ji ba. Na duba, baƙar ƙaramar ce take haske a kan akwati. Mutum ɗaya ne ya san lambar. Na ɗaga labulen ƙofata. Ɗakina da na Inna tsakar gida ce kawai a tsakani. Ga ta can zaune a kan tabarma a bakin ƙofarta, ta juya baya, ta fuskanci bango, waya a kunne.

Na tsaya da wayar a hannuna. Ban ɗauka ba. Ta yi ta ƙara har ta katse don kanta. Inna ta sauke hannu, ta ɗaure wayarta a bakin zane, ta jawo carbi.

Washegari haka. Wanshekare haka. Kullum da hantsi, kira ɗaya, har ya katse. Nakan tura ta ƙarƙashin matashi don kada ƙarar ta tsallaka tsakar gida, in zauna a kai ina jin motsinta a jikina. Inna ba ta rikice ba, kada wani ya zaci haka. Ta san ranar kowace kasuwa, ta san wanda ya zo gaisuwa da wanda bai zo ba. Ta san matacce ba ya amsa waya, mace ce mai ibada tun ƙuruciya. Amma a duk faɗin duniya wuri ɗaya ne ta taɓa zama da ɗanta ba kunya, kuma wurin yana ƙarƙashin matashina.

Na yi ta juya abin a raina. In ɗauka in ce me? Muryata da tashi suna kama, kowa na faɗa, kuma wannan ne ya fi hana ni. Ina tsoron ta ji sallamata ta zaci wani abu, ko da na ƙiftawar ido ne. Wata rana na ce bari in kashe ta, ko hakan ya fi zama rahama. Na kashe, da hantsi na leƙa ta labule. Inna ta danna, ta kai kunne, ta ji muryar matar nan mai cewa wayar a kashe take. Ta sake dannawa. Sannan ta ajiye. Ranar ba ta sha kokonta ba, tuwon rana ma ya dawo yadda aka kai shi. Da yamma matata na share tsakar gida, Inna ta ce da ita, ba tare da ta dube ta ba, “Wayar yayanku ba caji.”

Na kunna ta. Tun daga nan ko an ɗauke wuta kwana da kwanaki, nakan kai ta wurin mai caji a bakin titi in tsaya a kanta, in dawo da ita kafin hantsin gobe.

Haka muka bi har damina ta wuce, aka yi girbi, matarsa ta fita takaba. Babban ɗansa, wanda ke aiki a wani ofis a GRA, ya zo ya same ni a zaure. Yaro ne mai hankali, shi ya ɗauki nauyin ƙannensa. Bayan mun gaisa ya ce an sa ranar Asabar malam zai zo a raba, kuma malam ya ce a fito da komai, har allura.

Ya ce, “Wayoyin ma za a yi masu kuɗi, Baba. In an cire abin da ke ciki sai a wanke su a rufe layukan. Ƙaramar dai ba ta da wata daraja, amma akwai marayu ƙanana, ba na son a bar ko ɗaya a waje.”

Na ce gaskiyarsa. Sannan na faɗa mashi abin da ke faruwa da hantsi. 

Ya ce, “Kullum?”

“Kullum.”

“To Baba, har yaushe? Layin da sunan mamaci yake. Ko mun bar shi, wata rana za a rufe a ba wani. Ka ga ran nan ta danna wani ƙato ya ce mata waye.” Ya share fuska da hannu. “Ai Inna tana da sudusi a gadon. A tambaye ta, in tana so ta shiga rabonta, kowa ya huta.”

Da la'asar na shiga wurinta, na zauna a gefen gado inda na saba. Na faɗa mata ranar rabo, na ce tana da kasonta, ko akwai abin da take so a ware mata daga kayan.

Ta ce, “Mi zan yi da kayan na Ƙofar Marusa? A ba yara.”

Na ce, “Inna, har wayoyin za a rufe. Duka huɗun.” Sannan na ƙara, “Har 'yar ƙaramar.”

Carbin ya tsaya a hannunta. Na ɗauka za ta ce a bar mata. Da ta faɗa da an gama, ba mai musa mata. Amma neman wayar a gaban malam da jikoki daidai yake da ta tsaya a tsakar gida ta ce tana kewar ɗan farinta, kuma Inna ba ta taɓa yin haka ba.

Ta ce, “Yaushe ka ce?”

“Asabar, in an yi walaha.”

“To.”

Kwanakin da suka rage ta kira kamar kullum. Ranar Asabar ta zo. Na fito da wayoyin na goge su, na jera a kan akwati. An shimfiɗa tabarmi a zaure, matata ta ɗora ruwan shayi. Hantsi ya yi, ƙaramar ta ɗauki ƙara. Ban sa ta ƙarƙashin matashi ba, na ce yau dai ta yi kukanta a fili. Ta yi har ta katse. Na miƙa hannu zan sa ta a jaka, sai ta sake. Inna ba ta taɓa kira sau biyu a wayar da ke kunne ba. Ta katse, ta sake.

Na ɗaga labule. Tana inda take zama, fuska a bango. Sai na ji muryarta ta tsallako tsakar gida, ba ta waiwayo ba.

“Auta. Ka ɗauka mana.”

Ashe ta sani. Tun ranar farko ta san inda take ƙara, ta san wanda ke zaune a kanta.

Ta ce, “Ka ɗauka, kada ka yi magana.”

Na saki labulen. Na danna koren maɓalli. Ban kai ta kunnena ba, don ba ni aka kira ba. Hularsa, wadda aka cire mashi a asibiti, tana nan a cikin jakar. Na fito da ita na ɗora a kan akwati, na kwantar da wayar a kai. Na koma gefe na zauna. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin numfashinta ta cikin 'yar wayar, ina kuma jin tafasar ruwa daga madafa.

Ta yi sallama. Ta jira gwargwadon yadda mutum zai amsa.

Sannan ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na ji shi sau biyu a lokaci guda, siriri daga kan hular, da kuma daga can tsakar gida. Bakinta bai saba da shi ba, ya fito a hankali kamar tana taka ƙasar da ba ta sani ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta riƙe shi shekara sittin da wani abu, ba ni zan watsa shi ba.

Ta ce, “Ka ce kana bi na. To ga shi, na biya. Ka yafe mani jinkiri.” Muryar ta karye, ta tsaya, ta sake kamo ta. “Ni ban riƙe ka da komi ba, duniya da lahira. Ɗa ne kai na gari. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa can ta fi nan.”

Ta sake faɗin sunan, wannan karon da sauƙi, yadda ake kiran yaro ya shigo ya ci abinci. A madafa matata ta daina motsi.

Daga zaure na ji sallamar malam da ɗan yayana, ana ta gyara takalma a bakin ƙofa. Ban amsa ba tukuna. Na zauna ina kallon farin filastan da tawadata a bayan wayar, har na ji Inna ta ja numfashi ta share hanci da bakin mayafi.

Ta ce, “Auta, kashe. Mun gama.”

Na kashe.